Sallar layya a gidan surukai, ni da bana cin nama

Ni 'yar Kano ce, haifaffiyar cikin gari, ina da aure da yara, kuma tun 2019 bana cin nama. Ba na rago ko na sa kaɗai ba, har kaza, kifi, ƙwai, nono, man shanu, duk wani abu da ya fito daga jikin dabba na ajiye shi. Nasan wasu da sun karanta wannan zasu ce toh fa, wata sabuwa, dan Allah ku ɗan yi haƙuri ku ji labarin tukunna, sbd abin da yasa na zauna nake rubutawa shine nasan akwai irina da yawa da suke ɓoyewa, wasu likita ne ya hana su wasu ransu ne kawai baya so, amma idan sallah tazo sai kaga suna tura nama a baki dole suna haɗiyewa kamar magani don kar a ce musu wani abu.

Farkon abin lafiya ce. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki, ya daɗe a kwance kafin ya rasu, ni na yi jinyarsa tare da Mama, naga abin da idona bazai manta ba. Toh bayan haihuwata ta ƙarshe nima jinina ya hau ya ƙi sauka, aka yi gwaji aka ce kitsen cikin jinina ma yayi yawa. Likita bata ce in daina cin nama gaba ɗaya ba gsky, cewa tayi in rage jan nama da kitse da gishiri da magi, in yawaita ganye da wake. Ni ce na fara ragewa, ina ragewa ina jin jikina yana min sauƙi, nono kuwa dama tun ina yarinya yake kumbura min ciki, ina sha ne kawai sbd kowa na sha. A hankali sai ya zama ko ƙamshin nama a wuta bana so. Akwai kuma abin da ya ƙara min, dangin maigidana mutanen Gumel ne, duk zuwan da zamu yi muna haɗuwa da tireloli da suka ɗebo dabbobi daga kasuwar Maigatari za a kai su kudu, shanu a cushe kai a ɗaure da igiya, wasu sun faɗi an tattake su, rana na dukansu ba ruwa har Legas ko Fatakwal. Wallahi duk sanda na gani sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Addininmu yace idan za a yanka a kyautata yanka, a wasa wuƙa a hutar da dabba, toh wannan da nake gani a hanya ban san sunansa ba. Daga nan zuciyata ta fita gaba ɗaya.

A gidana abin bai zama matsala ba. Abban yara ya ɗan yi mita da farko, daga baya da yaga ban hana shi nasa ba kuma awon jinina yana kyau sai ya ƙyale ni. Ina dafa musu namansu da kifinsu, babbar 'yata ce take ɗanɗana min gishiri, ni kuma in ɗebi miyata a ƙaramar tukunya kafin a zuba nama. Shikenan. Inda ake yinta shine sallah, musamman Babbar Sallah, sbd al'adar gidansu duk 'ya'ya da matansu da jikoki a Gumel ake haɗuwa a gidan Hajiya, surukata.

Wanda ya san gidan yawa ranar layya ya san yadda yake. Maza sun dawo daga idi an kayar da raguna, mahauta suna fiɗa, yara na riƙe ƙafa, mata an hura murhu a tsakar gida ana wanke kayan ciki, can gefe samari na babbaka kai da ƙafa hayaƙi ya cika ko'ina. Manya kuma tun asuba sun kama baki basu ci komai ba, sai an gasa hanta sannan su buɗe baki da ita. A gidanmu Hajiya ce da kanta take yanka hantar a faranti tana miƙa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa yasan wanda ta fara miƙa wa to yana da matsayi a wajenta. Sallar 2019 da ta faɗo a watan Agusta tsakiyar damina, ina durƙushe ina wanke tumbi sai naji tace "Amarya zo ki karɓa", har yau Amarya take ce min duk da yaran da na tara. Ni ta fara kira kafin facalolina duka. Na taso na durƙusa a gabanta na karɓa da hannu biyu, sai nayi ƙasa da murya nace "Hajiya a yi haƙuri, na kwana biyu bana cin nama sbd jinina, a bani izini in ba wa yara." Bata ce komai ba. Ta kalle ni kawai, ta karɓe abinta ta mayar faranti ta kira ta kusa da ni. Tsakar gidan nan da ke ta hayaniya sai naji kamar kowa yayi shiru, wallahi ƙafata har rawa take da na koma wajen wanke-wanken.

Daga ranar magana ta fara. Da farko cewa akai ciki ne da ni, laulayi ne, ana ta min dariya ana tsokana, wannan da sauƙi. Da aka ga watanni sun wuce ba ciki sai aka koma cewa iyayi ne, boko ya min yawa, kallon finafinan Indiya ya sa na zama Bahindiya. Wata gwaggon maigida tace a kai ni a min ruƙiyya don aljanu ne suke hana mutum cin nama. Amma wadda ta fi min ciwo, wadda har yau idan na tuna sai idona ya kawo ruwa, ita ce da naji ana raɗe-raɗin wai wani malamin tsibbu ne ya gindaya min sharaɗi don in mallake miji, wai shi yasa Abban yara baya iya min faɗa akai. Ni da na taso gidan da ko laya ba a rataya mana ba. Na yi kuka a ɗaki ranar sosai, na kasa faɗa wa kowa sai Mama a waya, ita ma Mama budar bakinta sai tace "ke ma dai kin cika taurin kai, yanka ɗaya zai kashe ki ne? ki ci ki huta da bakin mutane." Kun ga ko ta gidanmu ban samu mai goya min baya ba a lokacin.

Sai kuma ɓangaren addini, wanda shi ne ya fi damuna fiye da surutun mata, don ina tsoron Allah kuma bana so in kauce. Baffan maigida mutum ne mai karatu, ya kira ni gaban Abban yara yace 'yata kin san Allah yace a Suratul Ma'ida kada ku haramta abubuwa masu daɗi da Allah ya halatta muku? Ya kawo min hadisin mutanen nan da ɗaya yace bazai yi aure ba, ɗaya yace bazai ci nama ba, ɗaya yace bazai kwanta a shimfiɗa ba, Annabi SAW ya nuna musu wannan ba sunnarsa bace. Ya ƙara da ayar Suratul Hajji da tace ku ci daga gare ta ku ciyar da mabuƙaci. Ban yi musu da shi ba, ba tarbiyyarmu bace, nace Baffa na gode Allah ya ƙara girma. Amma maganar ta hana ni barci. Da muka dawo Kano na samu malaminmu na islamiyya na zayyana masa komai ban rage ba. Ya tambaye ni, kina ganin nama haramun ne? Nace a'a wallahi halal ne, ni nake dafa wa iyalina. Kina ganin barinsa ibada ce da zata kusanta ki ga Allah fiye da mai ci? Nace a'a. Yace toh mutanen cikin hadisin can ibada suka mayar da abin, shi aka hana. Ya tuna min da hadisin damo, an kawo wa Annabi SAW naman damo ya janye hannunsa, Khalid bin Walid ya tambaye shi haramun ne? yace a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanena shi yasa raina baya so, Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Yace min kuma cin naman layya mustahabbi ne a wajen mafi yawan malamai, wanda bai ci ba don lalura ko don ransa baya so layyarsa ta yi. Ranar ji nayi an sauke min wani nauyi. Kuma don kowa ya san matsayina, tun daga shekarar da na samu hali nake sayen ɗan ragona da kuɗina ana yanka min layya, a raba wa maƙwabta da almajirai da gidajen marayun unguwarmu, yara su ci nasu. Ina yin layya, ci ne kawai bana yi.

2020 korona ta hana tafiye-tafiye, ko hawan sallah ba a yi ba a Kano, a gida muka yi sallarmu, gsky na samu hutu a shekarar. Wadda ta biyo baya ce aka min abin da ya girgiza ni. Wata facalata ta kawo min waina da miyar taushe har ɗaki tace ta ware min tawa babu nama, naji daɗi sosai har na mata addu'a. Na kai loma biyu naji maiƙon nan na tantaƙwashi a harshena. Na fito tsakar gida da kwanon sai na tarar ana ƙunshe dariya, ɗaya tace "toh gashi kin ci baki mutu ba." Tsame naman kawai aka yi aka bar romon. Su a wajensu wasa ne, gwaji suke su gani ko ƙarya nake. Ni kuwa ba romon ne ya dame ni ba, cikina ya ɗan juya ya wuce, amanar ce, mutum ya kalli idonka yace babu alhali ya san akwai. Ban tanka ba na ajiye kwanon na koma ɗaki, Abban yara da yaji ransa ya ɓaci yace gobe da safe mu tafi, ni na roƙe shi nace kar mu tafi, idan muka tafi shikenan an ce na raba shi da danginsa, dama abin da ake jira kenan.

A daren ne Hajiya ta aiko a kira ni. Na shiga tana kan darduma, tace rufe ƙofa. Na zata faɗa ne. Sai tace min taji abin da aka yi kuma bata ji daɗi ba, amma tana so in san abin da yasa ranar hantar nan ta kasa min magana. Ta bani labarin farin da aka yi wajen 1973 tana sabuwar amarya, dabbobi suka mutu, mutane daga Nijar suna ta kwararowa ta Maigatari da 'ya'ya a goye ba abin da zasu ci, su kansu sai da suka kai ga cin tafasa da dussa. Tace an yi shekarun da gidansu ba a yanka ko akuya ba, sai dai maƙwabta su aiko da ɗan yanki a raba wa yara kowa tsoka ɗaya, ita ta haƙura. Aka sake wani a 1984 tana da yara ƙanana. Tace "Amarya ni duk ranar da naga raguna a kwance a tsakar gidan nan ina ganin Allah ne ya share min hawaye, idan na miƙa wa mutum hanta abin da na fi ƙauna na bashi, da kika dawo min da ita sai naji kamar ni kika dawo da." Wallahi na kasa riƙe kuka. Nace Hajiya ban taɓa ƙin ki ba, na bata labarin jinyar Babanmu tun daga farko, yadda muke juya shi a gado, yadda yake kallonmu yana so yayi magana baki ya ƙi, nace ina tsoron yarana su yi min irin wannan jinyar suna ƙanana. Ta daɗe shiru sannan tace Allah ya jiƙansa, je ki kwanta.

Tun daga nan na gane cewa a wajenmu nama ba abinci bane kawai. Da shi ake karrama baƙo, da shi ake nuna wa suruka an yarda da ita, mai jego kaza da ƙauri ake mata, wanda aka raina shi ake ba wa miya ba tsoka. Don haka idan kace baka ci, abin da kunnen mai baka yake ji daban ne da abin da bakinka ya faɗa. Wannan yasa na daina dogon bayani akan lafiya da kitse da su tireloli, ba wanda yake son a masa lacca yana tsaka da cin suyar sallarsa, kuma ba hurumina bane. Abin da na koma yi shine aiki da girki.

Yanzu kafin mu tafi Gumel nake shirina. Ina jiƙa waken suya in kai niƙa in tace in dafa in zuba ruwan tsami ya haɗe, in matse a ƙyalle, awarata ta kwana biyu kenan, kuma ni nake soyawa da kaina don masu sayarwa wasu suna tsoma ta a ƙwai. Ina tafiya da ƙuli-ƙuli dakakke, busasshen zogale, daddawa mai kyau ta kalwa, gyaɗa, da man gyaɗa. Ranar sallah da asuba kafin a fara hidimar nama na riga na ɗora tukunyata, miyar taushe da kabewa da gyaɗa da yakuwa da alayyahu, daddawa ta ji, ba magi mai ɗanɗanon kaza, wallahi idan ta nuna ƙamshinta har zaure. Ina yin kwaɗon zogale ko na rama babban kwano, in yi kunun aya da dabino da kwakwa in sa a firij, sannan in ɗaura zani in shiga cikin mata a yi wankin kayan ciki da suya da ni har dare, bana zamewa aikin nama ko kaɗan don kar a ce ƙyama nake. Kuma da gangan nake yin abincin da yawa. Duk wanda ya yi sallah ya sani, rana ta biyu zuwa ta uku maiƙo ya ishi kowa, ciki ya ɗaure, masu basir suna ta nishi, sai kaga ana leƙo ɗakina ana "Amarya akwai sauran kwaɗon nan?" Har wadda ta zuba min romon nan yanzu ita ke fara kawo kwanonta, bamu taɓa tada maganar ba ni da ita, na barta a haka.

Abin da nake so mutane su lura, ni ba wani abincin Turawa nake ci ba. Ɗanwake da mai da yaji, dambu da zogale, faten tsaki da rama, ƙosai, alale, shinkafa da wake, gurasa bandashe, tuwo miyar kuka ko kuɓewa da daddawa, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, duk namu ne, kakanninmu a kansu suka rayu suna ganin nama daga sallah sai suna sai ranar kasuwa. Man shanu da ƙwai da ake ɗorawa a kai kawai nake cirewa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, gidaje nawa ne suke ganin nama a miya kullum? Da yawa awara ce ta riƙe su. Bambancina da su kawai ni na zaɓa ne, su kuma hali ne ya sa, shi yasa bana taɓa yin alfahari da abin a gaban wanda yake so bai samu ba.

Ga masu son bin wannan hanya kuma dan Allah kar a yi da ka. Akwai sinadarin B12 da jiki ke buƙata don jini da jijiyoyi, a nama da ƙwai da nono ake samunsa, ganye da wake basa bada shi, don haka dole mutum ya riƙa shan ƙwayarsa, ni likita ta faɗa min tun farko kuma ina sha, ina zuwa gwajin jini lokaci lokaci. Ƙarfen jini kuma akwai shi a wake da zogale da alayyahu, idan aka haɗa da lemon tsami ko tumatir jiki yafi ɗauka. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su kam sai da shawarar likita, ni yarana suna cin komai, idan sun girma su zaɓa da kansu. Maganin hawan jinina ma ban yar ba, an dai rage min.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Baffa har yau idan na gaishe shi sai ya ce "har yanzu dai?" in ce har yanzu Baffa, ya girgiza kai. Mama ta daina faɗa amma duk sallah sai ta aiko min da dambun nama a leda wai ko zan canza ra'ayi, yara su cinye. Gidan biki da suna kuwa ina ci a gida kafin in fita, in an zuba min in karɓa da godiya in juye a leda in taho wa yara da shi, don ba kowa zaka tsaya yi wa bayani ba. Hajiya dai tun daga shekarar ta hana kowa taɓa ƙaramar tukunyata, ta ware min ludayi na daban, kuma idan ana rabon hanta tana kirana a layin farko kamar da, sai ta miƙo min dabino ta ba wa ɗan autana hantar a madadina. Da kakar bana ma ta aiko direba da kabewa manya guda biyu da buhun zogale da ta sa aka shanya min a inuwa, tace a faɗa min in ajiye na sallah kar in cinye kafin lokaci.